Hawan Shehu a Idon Baƙo: Tarihin Wani Matafiyi Mai Zane

Ina roƙon edita ya ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu mai farin jini, in kawo wani tarihi da ya shafi garin nan da muke zaune a cikinsa, muke ci muke sha, muke aure muke aurarwa. Ni ba malamin jami'a ba ne, ɗan kasuwa ne, karatuna kuma na Islamiyya ne. To amma masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata.

Dalilin wannan rubutu shi ne ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, wadda ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau. Kowa ya san abin da ruwan nan ya yi wa Gwange da Kasuwar Monday, har fadar Mai Martaba Shehu bai ƙyale ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Ni dai kayan shago sun tafi, an kuma sami wasu. Abin da ya tafi bai dawo ba shi ne wata tsohuwar adaka ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, wadda ya tara hotuna a ciki tun farkon zuwansa garin nan. Akwai guda huɗu na hawan Sallah a Dandal, zamanin Shehu Mustafa Umar El-Kanemi, har da wanda nake tsaye a gefensa ina yaro, da sabuwar 'yar shara ta Sallah. Da ruwa ya janye muka buɗe adakar, sai muka tarar hotunan sun manne da juna, ba fuska ba doki.

Ina cikin wannan baƙin ciki, wata rana da daddare yarona ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, ga wani wanda ruwa bai ci ba." Na duba, sai na ga zanen wani barde a kan doki, da sulke da mashi, an rubuta a ƙasa cewa yana cikin masu tsaron Shehun Borno. Zanen ya kai shekara 200. Na ce wa ya zana? Wannan tambaya ita ta sa ni bin malamai da littattafai, ga kuma abin da na samo.

WANE NE MAI ZANEN?

Sunansa Dixon Denham, Baturen Ingila ne, an haife shi a birnin Landan a shekarar 1786. Da farko an sa shi koyon aikin lauya, amma zaman ofis bai karɓe shi ba, sai ya shiga soja a shekarar 1811. Ya yi yaƙi a ƙasashen Fotugal da Sifen lokacin da Ingila ke gwabzawa da rundunar Napoleon na Faransa. Da yaƙi ya ƙare, ƙafarsa ta ƙi zama. Jin cewa gwamnatinsu za ta tura mutane su ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Borno, sai ya nemi a sa shi.

Su uku ne manyan tafiyar, wato shi, da wani likita mai suna Walter Oudney, da Hugh Clapperton na sojan ruwa, sai kuma wani kafinta da ake kira Hillman. Sun bar Murzuk a ƙarshen shekarar 1822 tare da rakiyar Larabawa masu bindiga, ƙarƙashin wani attajirin Fezzan mai suna Bu Khulum. Sun biyo tsohuwar hanyar fatake ta Bilma, suka hango Tafkin Chadi a farkon Fabrairu, 1823. Gaskiyar magana, tafiyar ba ta yi daɗin zumunci ba, domin Denham mutum ne mai son girma, shi da Clapperton kamar wuta da auduga suke. Amma yana da wani abu mai amfani a lokacin da ba a ƙirƙiro kyamara ba: duk inda ya sauka yakan fito da takarda da fensir ya zana abin da idonsa ya gani.

RANAR SHIGA KUKAWA

Ranar 17 ga Fabrairu, 1823 suka isa Kukawa, garin da Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi, wato Shehu Laminu, ya kafa a shekarar 1814. Sunan garin ma ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, daga itacen kuka ya samo asali. Denham ya ɗan yi gaba ya bar ayari a baya, yana fitowa daga cikin itatuwa sai ya yi kiciɓis da mahaya dubbai, sun jeru sahu guda iya ganinsa, sun tsaya cik ba hayaniya. Shi da ya zo da tunanin zai tarar da tarkacen mutane marasa tsari, sai jikinsa ya yi sanyi.

Da Larabawa suka ƙaraso, sai mahayan nan suka yi kururuwa, suka sako dawaki a guje ƙungiya-ƙungiya, su zo gab da baƙin su ja linzami, suna kaɗa masu suna yi musu barka da zuwa, har suka kewaye su suka matse su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Dandal ran Sallah ya san abin da Baturen nan ya gani. Jahi ne, gaisuwa ce da kuma nuna ƙarfi a lokaci guda. Jagoran rundunar shi ne Barka Gana, babban sarkin yaƙin Shehu. Denham ya bayyana masu tsaron Shehu da sulke tun daga wuya har gwiwa, da kwalkwali a ka, dawakinsu ma an rufe musu goshi da farantan ƙarfe da tagulla da azurfa. Ɗaya daga cikinsu ne yarona ya nuna mini a waya.

To, bayan duk wannan ƙasaita, da aka shigar da su wurin Shehu sai suka same shi a wani ɗan ɗaki mai duhu, zaune a kan darduma, ba ado ba ƙyale-ƙyale, daga rawani sai shuɗiyar riga wadda Denham ya ce ta Sudan ce. A nan nake so 'yan'uwana 'yan kasuwa su buɗe kunne. A bakin mutanen Borno da Larabawan Fezzan na wancan zamani, in an ce Sudan, ƙasar Hausa ake nufi. Ashe ke nan tun shekara 200 da suka wuce, rigar da ke jikin Shehun Borno ta bi ta hannun masaƙanmu da marinanmu da fatakenmu. Denham ya zana Shehu Laminu, kuma wannan zane shi ne har gobe ake sa wa a littattafan tarihi na makaranta.

FADA BIYU A ƘASA ƊAYA

A wancan lokaci iko yana hannun Shehu, amma sunan sarauta yana wurin Mai Ibrahim na zuriyar Sayfawa, waɗanda suka mulki Kanem da Borno ɗaruruwan shekaru. Tun bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a shekarar 1808 ƙarfinsu ya karye, Shehu Laminu ne ya tsaya musu. Mai Ibrahim yana zaune a wani gari da ake ce wa Birni, ba nisa da Kukawa, kuma a watan Maris na 1823 aka kai baƙin su gaishe shi.

Abin da suka gani a can ya sha bamban da na Kukawa. Da sassafe aka yi zaman fada a fili. Mai yana zaune cikin wani ɗan keji na itace, ba a ganinsa sosai. Fadawa kusan 300 sun zauna a ƙasa, sun juya masa baya don girmamawa. Kowannensu ya jibga riguna takwas ko goma, wata kan wata, an cusa ciki ya yi tulu, ga rawani kamar kwando, domin a fadar nan girman jiki alamar girman matsayi ne. Denham ya yi musu dariya a rubutunsa, domin bai san al'adar ta girmi kakanninsa ba. Tun a shekarar 1353 Ibn Baɗɗuɗa, da ya sauka Takedda, ya ba da labarin cewa sarkin Borno ba ya bayyana ga jama'a, ta bayan labule yake magana.

Duk da dariyar, ya zauna ya zana wannan zama. Shekara 23 bayan haka, wato a 1846, aka kashe Mai Ibrahim, sarautar Sayfawa ta ƙare. Yau wanda ke son ya ga kamannin fadarsu, zanen mai dariyar nan zai nema. Ikon Allah ke nan.

ƘARSHEN MAI ZANE

Denham bai tsaya kallon fada kawai ba. A watan Afrilu na 1823 ya nace sai ya bi Barka Gana da Bu Khulum zuwa Mandara, tafiyar da asalinta harin kamun bayi ne. Suka auka wa wani garin Fulani mai suna Musfeya, sai reshe ya juye da mujiya. Aka yi musu ruwan kibau masu dafi, runduna ta watse, Bu Khulum ya mutu a hanyar gudu. Shi kansa Denham an kama shi an tuɓe masa tufafi, da ƙyar ya sulale cikin daji, wani mahayi ya ɗauke shi a bayan doki. Daga baya ya zagaya kudancin tafki ya ga kogin Shari. Oudney ya mutu kusa da Katagum a Janairu, 1824, shi kuwa Clapperton ya wuce Kano, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Sun koma Ingila a 1825, littafinsu ya fito a 1826 da zane-zanen nan a ciki. Aka tura Denham Saliyo ya kula da bayin da aka 'yanto daga jiragen ruwa, a 1828 aka ba shi riƙon gwamnan ƙasar, bai yi wata biyu ba zazzaɓi ya kashe shi yana da shekara 42.

Sai dai mai karatu ya lura da abu guda. Abin da Denham ya kai Landan zanen fensir ne. Wasu gwanaye ne can, waɗanda ba su taɓa taka Borno ba, suka sassaƙa shi a kan farantin ƙarfe don a buga. Zane ya bi ta hannu biyu, kuma idon da ya fara ganin abin idon baƙo ne. Saboda haka a karɓa da godiya, amma a tace.

WAƊANDA SUKA BIYO BAYA

A watan Afrilu na 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kukawa zamanin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu. Ya tarar da garin kashi biyu, na gabas na sarakai, na yamma na talakawa, ga kuma wani faffaɗan titi da ake kira Dandal ya miƙe har ƙofar fada. Ya ga hawan Sallah na wannan shekara ya rubuta shi. Zane-zanensa kuwa wani mai zane ne na birnin Munich, Martin Bernatz, ya mayar da su hotuna masu launi. Shi ma Bernatz matafiyi ne, ya je Falasɗinu da Habasha, amma bai zo Borno ba.

A cikin wannan tafiya akwai namu. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, daga yankin Damagaram, an kamo shi bawa har ya faɗo Kukawa, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya 'yanta shi. Dorugu ya bi Barth har Tambutu, ya bi shi Turai a 1855. A can wani Bature mai suna Schön ya zaunar da shi ya rubuta labarin rayuwarsa da Hausa daga bakinsa. Ya rasu a Kano a 1912. Yara nawa aka kamo irin Dorugu? Allah kaɗai ya sani. Shi muka sani, don an sami wanda ya riƙe alƙalami.

Sai kuma Gustav Nachtigal, wanda ya iso Kukawa a 1870 da kyaututtuka daga Sarki Wilhelm na Furusiya zuwa ga Shehu Umar: kujerar sarauta, da bindigogi, da agogo, da manyan hotunan sarkin da matarsa da ɗansa. Shehu Umar malami ne, kuma maganar hotunan ta dame shi tun kafin a buɗe su, yana gudun kada su zamo gumaka. Da aka warware ya ga zane ne a kwance kan ƙyalle, ba shi da jiki balle inuwa, sai hankalinsa ya kwanta. Mu da muka yi Islamiyya mun ji wannan bambanci a bakin malamanmu na Malikiyya, tsakanin sura mai inuwa da zanen da ke kwance. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, a koma ga malamai. Na kawo shi ne don mu ga yadda magabata suka auna abin da ilmi kafin su karɓa.

DARASI DAGA ANDALUS

Ƙasar Sifen da Denham ya yi yaƙi a cikinta ita ce Andalus ta littattafanmu, wadda Musulmi suka shiga a shekarar 711. Tsakaninta da ƙasar nan ma akwai tsohuwar igiya. Wani malami mawaƙi, Ibrahim al-Kanemi, mutumin Bilma, ya je Marakish ya yi waƙa gaban Sarki Yaƙub al-Mansur, sannan ya haye Andalus, can ya rasu wajen shekarar 1212.

Su ma sarakunan can suna da bukukuwansu. A shekarar 1362 Sarki Muhammadu na Biyar na Garnada ya yi wani gagarumin Maulidi a fadarsa ta Alhamra. Wazirinsa Ibn al-Khaɗib ya rubuta yadda aka zaunar da baƙi daki-daki, da abincin da aka ci, da wani agogo mai aiki da kyandir wanda duk sa'a guda sai a karanta waƙa, haka har asuba. Akwai kuma wani wasan dawaki da sarakunan Kirista suka gada daga Musulmi suka riƙa yi a bukukuwan sarauta: mahaya su rabu ƙungiya-ƙungiya, da garkuwar fata, suna sukuwa suna jifan juna da kara maimakon mashi.

Garnada ta faɗi a 1492. Wasan karan nan ma ya daɗe da mutuwa. Fadar Alhamra tana nan tsaye, 'yan yawon buɗe ido na shiga suna fita, amma bango ba ya ba da labari. Abin da ya rage na daren Maulidin nan shi ne abin da waziri ya rubuta, na wasan dawaki kuwa abin da marubuta da masu zane suka bari.

MU FA, INA NAMU?

Kukawar da Denham da Barth suka gani, Rabe ya rushe ta a 1893. An kashe Rabe a Kusuri a 1900, sannan a 1907 Shehu Abubakar Garbai ya zauna a Yerwa, aka sake shimfiɗa Dandal a ƙofar fada kamar na Kukawa. Gari ya tashi, hawa bai mutu ba.

Mu kuwa da 'yan'uwanmu Barebari ke kira Afuno, ba jiya muka zo ba. Wasu kakanninmu hanyar Makka ce ta biyo da su, guzuri ya ƙare suka zauna. Wasu goro da tufafi suka kawo. Wasu jirgin ƙasa ya sauke su bayan dogo ya iso a 1964. Unguwar Hausari shaida ce. Sarautun Galadima da Ciroma da Yarima da ake ji a fadojin ƙasar Hausa daga Borno aka aro su, masana harshe ma sun ce kalmomin karatu da rubutu da kasuwa ta bakin Barebari suka shigo Hausa. Saboda haka ran hawa ba 'yan kallo kawai ba ne mu. A cikin masu ɗinka rigunan, da dukawan da ke gyaran sirdi, da masu kawo rawani da alkyabba, da masu goron Sallah, akwai iyayenmu.

Amma mun ga da idonmu yadda abu kan tsaya. Tun daga fitinar da ta fara a 2009, an shafe shekaru ba a yi hawa ba. A watan Yuli na 2012 an kai wa Mai Martaba Shehu Abubakar Ibn Umar Garbai El-Kanemi hari bayan sallar Juma'a, Allah ya kiyaye shi. A 2015 hawan doki ma sai da aka hana a jihar baki ɗaya. Akwai yaran da suka yi wayo ba su taɓa jin algaita da kakaki a Dandal ba. Alhamdu lillahi an dawo da hawa, sai dai tsofaffin da suka san sunan kowane kayan doki da ma'anar kowane kiɗa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ga gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairu, 2023, ga ruwan 2024. Takardu da hotuna nawa suka salwanta a tsakanin nan?

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Na farko, duk mai tsohon hoto na hawa, ko na kasuwa, ko na tasha, ko na ɗaurin aure, ya kawo a ɗauki kwafinsa a waya ko kwamfuta a mayar masa da abinsa, a rubuta shekara da wuri da waɗanda ke ciki tun masu ganewa suna raye. Na biyu, a sa samarinmu 'yan makaranta su zauna da dattawan unguwanni, musamman dukawa da maɗinka da tsofaffin fatake, su ɗauki maganarsu, su rubuta ta da boko da ajami. Na uku, kada a tara komai a adaka ɗaya kamar yadda mahaifina ya yi. A ajiye kwafi a nan, a aika wani wurin 'yan'uwa a Kano ko Katsina ko Damagaram. Ni na ɗauki alkawarin kuɗin takarda da bugu na hotuna 100 na farko, in Allah ya yarda.

Denham ya zo daga wata uwa duniya, bai iya Barbarci ba, bai iya Hausa ba, bai cika shekara biyu a ƙasar nan ba, ga shi har yau jikokinmu a hannunsa suke ganin barden Shehu. Mu da aka haifa a nan, kowa da kyamara a aljihu, me za mu ce wa namu jikokin in sun tambaya?

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa Mai Martaba Shehu lafiya da nisan kwana, ya zaunar da Borno da Nijeriya lafiya, ya bar zumunci tsakaninmu da masu masaukinmu. Inda na yi kuskure, masana su gyara mini a fitowa ta gaba.

Naku,
wani ɗan kasuwa daga Gwange, Maiduguri.